Man cibi da ƙwayoyi uku: yadda bincike ya kai magani ɗakin mai jego a Sakkwato

A shekarar 2013, zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, gwamnatin jihar Sakkwato ta sa kuɗinta ta sayo magunguna iri biyu domin matan da ke haihuwa a gida. Na farko ƙwayoyi ne uku na misofurostol, waɗanda mace ke haɗiya da zarar jinjiri ya faɗo, su sa mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Na biyu wani mai ne mai kauri a cikin ɗan bututu, sunansa kuloheksidin, da ake shafa wa cibin jinjiri don kada cuta ta shiga ta nan. Daga ƙasar Nepal aka sayo man a karon farko, domin a lokacin babu kamfanin da ke yin irinsa a Najeriya. Sakkwato ce jiha ta farko a ƙasar nan da ta raba shi a dukkan ƙananan hukumominta 23, tare da tallafin TSHIP, shirin kula da lafiyar mata da yara na hukumar ba da agaji ta Amurka, USAID, wanda ya yi aiki a jihohin Sakkwato da Bauchi daga 2009 zuwa 2015.

Babu sabo a cikin magungunan nan biyu. Likitoci sun daɗe da sanin su, kuma ba su da tsada. Matsalar ita ce magani yana asibiti, haihuwa kuwa tana gida. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2008 ta nuna cewa fiye da tara cikin kowace haihuwa goma a jihar Sakkwato a gida ake yin ta. Wannan ba matsalar ɗakin gwaje-gwaje ba ce. Matsala ce ta sanin mutane: wa ke cikin ɗakin idan mace tana kan gwiwa, wa ke da ikon cewa a tafi ko a zauna, wa zai iya fita da tsakar dare, me hannun tsohuwa ya saba yi da cibi. Aikin masana zamantakewa ke nan, kuma a ganina shi ne ya sa shirin ya kai inda ya kai. Inda ya yi tuntuɓe ma, idan aka duba, wuraren da ba a zurfafa irin waɗannan tambayoyi ba ne.

Tambayar da aka daɗe ana yi a ofisoshi ita ce, me ya sa matan nan ba sa zuwa asibiti? Tambaya ce mai kyau, amma tana ɗauke da hukunci a cikinta, kuma amsarta kullum ɗaya ce: a ƙara wayar da kai. An yi shekaru ana wayar da kan, mata na ci gaba da haihuwa a ɗakunansu. A 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka fitar da wani nazari da ya sauya yadda ake kallon lamarin. Suka ce jinkiri uku ne ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar neman taimako, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyu na farko duk a wajen asibiti suke faruwa, a tsakar gida da kan hanya. Masu bincike na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna cikin ayarin da ya yi wannan aiki a Afirka ta Yamma. Su ne suka zauna da direbobin tasha a wani yanki na jihar Kebbi, suka shirya da ƙungiyarsu yadda za a riƙa ɗaukar mai naƙudar da ta shiga haɗari ba tare da an tsaya cinikin kuɗin mota ba, suka kuma wallafa sakamakon a 1997. Wato tunanin a nemi mafita a hannun mutanen gari ba baƙo ba ne a Sakkwato.

To amma zubar jini bayan haihuwa ba ya jiran mota. Yana iya kashe mace cikin awa biyu. Mutumin da ke wani ƙauye a bayan Isa ko Gudu, da damina, hanya ta yanke, ko an sami direba mai kirki ba lalle a isa da rai ba. Saboda haka sai tambayar ta koma: tunda a gida za a haihu, me ke faruwa a gidan?

Abin da duk Bahaushe ya sani, amma takardun tsare-tsare suka daɗe ba su sani ba, shi ne ungozoma ba kasafai take karɓar haihuwa ba. Sau da yawa sai jinjiri ya faɗo ake aika yaro ya kira ta, ta zo ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta yi wa jinjiri wanka, ta dafa ruwan jego. Naƙudar kanta mace ke yin ta, wani lokaci da uwar miji ko kishiya a kusa, wani lokaci ita kaɗai. Akwai kunya, musamman a haihuwar fari, akwai kuma yabon da ake yi wa macen da ta haihu ba a ji ko tarinta ba. Bolaji Fapohunda da Nosa Orobaton, waɗanda suka yi aiki da TSHIP, sun koma cikin alƙaluman ƙididdigar 2008 suka gano cewa kusan ɗaya cikin kowace haihuwa biyar a Najeriya babu kowa a wurin, kuma mafi yawan irin wannan haihuwa a Arewa take. Suka wallafa wannan a 2013. Duk wanda ya fahimci haka zai ga cewa horar da ungozoma kaɗai bai isa ba. Idan ƙwayoyin suna cikin jakarta, ita kuwa sai bayan rabin awa ko awa guda za ta iso, lokacin da suka fi amfani ya wuce. Dole magani ya riga ta shiga ɗakin, dole kuma matan gidan su san yadda ake shan sa.

A nan wata fargaba ta taso, kuma ba ta banza ba ce. Misofurostol yana sa mahaifa ta tsuke da ƙarfi. Idan aka sha shi jinjiri yana ciki, mahaifa na iya fashewa. Idan tagwaye ne aka sha bayan na farko ya fito, na biyu ya shiga haɗari. Ana kuma iya amfani da shi wajen zubar da ciki, kuma da a ce wannan magana ta bazu a gari kafin a yi bayani, da shirin ya mutu tun ranar farko. Mu da muka ga yadda jita-jita ta tsayar da allurar shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003 mun san ba wasa ba ne. Don haka ba a raba wa masu ciki ƙwayoyin su ajiye tun watanni kafin haihuwa ba. Aka ɗauko wata dabara da masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na Amurka suka gwada a 2009 a wasu garuruwa biyar na kewayen Zariya: a ba wani amintacce a unguwa ajiyar maganin, idan naƙuda ta tashi a aiko a karɓa. A gwajin na Zariya mafi yawan matan da suka haihu a gida sun sha maganin.

Sakkwato ta ɗauki wannan ta shimfiɗa shi a mazaɓunta 244. A kowace mazaɓa an horar da mata goma 'yan sa-kai, jimilla 2,440, da yawansu ungozomomi ne da aka riga aka sani, suna shiga gida-gida suna zantawa da masu ciki. Kwamitocin raya mazaɓa su suka zaɓo masu ajiyar magani daga cikin mutanen gari. Uwayen ƙasa da hakimai da limamai aka fara sanarwa kafin kowa.

Ga yadda abin ke gudana idan komai ya tafi daidai. A ce wani ƙauye ne a ƙasar Goronyo, dare ya raba. Matar gida ta fara juyi, uwar miji ta leƙa ta gane, ta fito ta ta da ɗanta. Ba zai shiga ɗakin ba, ba aikinsa ba ne, amma yanzu yana da abin yi. Ya ɗauki tocila ya bi lungu zuwa gidan mai ajiya, ya yi sallama daga zaure, ya ce, Malam, a taimaka muna da maganin haihuwa, iyali na bisa gwiwa. Mai ajiya ya buɗe akwati, ya rubuta suna a littafi, ya miƙo ƙwayoyi uku da ɗan bututu, ya maimaita masa abin da 'yar sa-kai ta riga ta faɗa wa matan: kada a sha sai yaro ya fito, a shafa ciki a tabbata babu na biyu, idan ta kama rawar ɗari ko jikinta ya yi zafi bayan ta sha kada a tsorata, aikin maganin ne, zai wuce. Mijin ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Inna, ga shi, ya miƙa ta bayan labule. Can da asuba ungozoma ta iso, ta ɗaure cibi da zare, ta yanke da sabuwar reza, ta wanke hannu, ta matso man a yatsa ta shafe kan cibin da gindinsa.

Duk wanda ya tsara wannan ya san gidan Bahaushe. Bai nemi matar kulle ta fita ba. Bai nemi miji ya shiga inda al'ada ta hana shi ba, bai kuma bar shi a gefe ba, ya ba shi aikin da ya dace da shi, wato fita da dare da ƙwanƙwasa ƙofar namiji ɗan'uwansa. Bai ƙwace wa ungozoma matsayinta ba, ƙara mata kayan aiki ya yi. Gargaɗin nan na rawar ɗari ma ba ƙaramin abu ba ne: da ba a faɗa tun farko ba, mace ɗaya ta yi kyarma a gaban dangi ta isa ta sa ƙauye guda ya juya wa maganin baya.

Batun cibi shi ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne bincike ya nuna wa masana cewa shawarar da suke bayarwa ba ta shiga. Shekara da shekaru shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a tsabtace cibi a bar shi ya bushe, kada a sa masa komai. A asibiti mai tsabta shawara ce mai kyau. Amma je ka gaya wa kaka cewa ta bar cibin jikanta haka nan. A wurinta sakaci ne. Cibi ɗanyen rauni ne, rauni kuwa ana yi masa magani. Shi ya sa ake gashi da tsumma da ruwan zafi safe da yamma, wasu su ɗora tsingaro a wuta su gasa da ɗuminsa, wasu su sa toka, wasu man shanu, wasu man goge baki saboda yajinsa, masu ɗan hali su sayo sifirit a kemis. Duk don ƙauna ake yi. Ta nan kuma cuta ke shiga jini, ta nan sarƙe-haƙora ke kama jinjiri, a wayi gari ya ƙi nono, jiki ya sandare.

Gwaje-gwajen da aka yi a ƙauyukan Nepal, aka wallafa a 2006, da na Bangaladash da Pakistan a 2012, sun nuna cewa shafa kuloheksidin yana rage ruɓewar cibi da mutuwar jarirai. Da aka haɗa sakamakonsu, ragin mutuwar ya kai kusan kashi 23 cikin ɗari. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da shi ga jariran da aka haifa a gida a wuraren da jarirai 30 ko fiye cikin dubu ke mutuwa a watan farko. Na Najeriya a ƙididdigar 2013 ya kai 37. Amma ƙarfin man a Sakkwato ba a sinadarinsa kaɗai yake ba. Yana ba hannun kaka abin yi. Maimakon a ce mata bari, sai aka ce mata ga wanda ya fi. Mutum ya fi saurin sauya abin da yake shafawa a kan ya daina shafawa ɗungurungum, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da sabon kaya gari ya san haka: kayan da ya zauna a gurbin wani abu da aka saba da shi ya fi saurin karɓuwa a kan wanda ke neman a koyi sabuwar ɗabi'a.

Rahoton da ma'aikatan shirin suka wallafa a mujallar PLOS ONE a 2015 ya ba da labarin jarirai 36,404 da man ya kai gare su a zangon farko. Ba kuma littafin mai ajiya kaɗai aka dogara da shi ba. An riƙa bin gidaje da wata hanyar ƙididdiga mai sauƙin kuɗi, wadda aka aro daga masana'antu inda ake ɗibar kaɗan daga cikin kaya a duba ingancinsu. Akan zaɓi gidaje kaɗan a kowane yanki, galibi 19, a tambayi masu jego me aka sa wa cibi, wa ya yanke, da me. Wannan ba zai ba ka adadi na daidai-wa-daida ba, amma zai nuna maka wace ƙaramar hukuma ce ke baya, a je a duba dalili. Ya kamata a riƙe cewa lambar 36,404 tana faɗin inda magani ya kai ne. Ba ta faɗin yadda aka yi da shi bayan an rufe labule.

Bayan labulen kuwa akwai abubuwan da ke iya warware aikin. Na farko, kuloheksidin yana jinkirta faɗuwar cibi da kwana ɗaya zuwa biyu, domin yana kashe ƙwayoyin da ke taimakawa wajen tsinkewarsa. A wurin likita wannan ba komai ba ne. A gidanmu kuwa rana ta bakwai ranar suna ce, za a yi aski, za a fito da jinjiri dangi su karɓa hannu-hannu, kuma kowace kaka tana son cibi ya faɗi kafin ranar. Gashin da ake yi ma rabinsa don haka ne. Idan kwana biyar suka wuce cibi yana nan, ga 'yan barka suna tambaya, to akwai yiwuwar a koma ga tsumma da ruwan zafi a kan man, ko a ɗora man goge baki a ce a taimaka masa. Maganin wannan ba ya cikin bututu. Sai 'yar sa-kai ta faɗa tun kafin haihuwa cewa cibin zai ɗan daɗe, kuma daɗewar alamar lafiya ce, ta kuma faɗa wa wadda za ta yi wankan jego, ba mai cikin kaɗai ba.

Na biyu ya fi muni. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa tun daga 2015 an sami fiye da mutum 40 a ƙasashe tara na Afirka da aka sa wa wannan magani a ido bisa kuskure, wasu har suka makance, kuma an sami irin wannan a Najeriya. Dalili a fili yake. Ruwan maganin yana zuwa a 'yar kwalba mai kama da ta ɗigon ido, mai kaurin kuma a bututu mai kama da na man ido da iyaye mata suka saba gani. Matar da ba ta karanta boko ba, da siffa take gane magani. Da an ajiye kwalbar a gaban mata goma a wani zaure an tambaye su, wannan na mene ne, da an ji amsar kafin a yi asarar idon kowa. Binciken yini ɗaya ne. Abin yana min ciwo, domin an kashe shekaru ana gwada sinadarin, ba a ba mazubinsa irin wannan kulawa ba.

Na uku ya zo ne daga kimiyyar kanta. A 2016 aka wallafa manyan gwaje-gwaje biyu daga Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya, ba su ga raguwar mutuwar jarirai ba. A waɗannan wurare mata da yawa a asibiti suke haihuwa, mutuwar jarirai ma ba ta kai ta ƙauyukan Asiya da aka yi gwajin farko ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara shawararta: a bar cibi ya bushe cikin tsabta, a yi amfani da kuloheksidin a inda aka saba sa wa cibi abubuwa masu cutarwa. Wato yanzu ko za a raba man a wani wuri ko ba za a raba ba ya rataya ne a kan sanin al'adar wurin. Ƙauyen Tangaza da unguwar Mabera a cikin birni ba lalle amsarsu ta zama ɗaya ba, kuma ba wanda zai faɗa sai wanda ya shiga ya tambaya.

Ta fuskar kasuwa, abin da Sakkwato ta fara ya buɗe ƙofa. A 2014 kamfanin Drugfield da ke jihar Ogun ya fara yin man a cikin gida da sunan Chlorxy-G, aka huta da jiran kaya daga Nepal. A 2016 gwamnatin tarayya ta fitar da tsarin yaɗa shi a ƙasa baki ɗaya, da babban bututu mai giram 25 da ake shafawa kullum. Duk da haka, ƙididdigar 2018 ta nuna kusan jinjiri ɗaya ne cikin goma a Najeriya aka shafa wa shi. Kaya yana nan, farashinsa bai fi ƙarfin talaka ba, amma bai kai ba. Abin da ya kai shi ɗakunan Sakkwato a 2013 mutane ne: matar da ke shiga gida ta zauna a tabarma ta yi bayani, da dattijon da za a iya tasa da dare. Irin wannan tsari yana cin kuɗin alawus da sa ido da cike akwati a kan kari, kuma shi ne abu na farko da ke raunana idan mai tallafi ya naɗe tabarmarsa. TSHIP ya ƙare a 2015, hukumar USAID kanta an rufe ta a 2025.

Wanda ya rage a kowane gari, da tallafi ko babu, shi ne mai kemis. Wurinsa miji ke zuwa sayen reza da auduga da sifirit idan ciki ya tsufa, kuma abin da ya miƙo shi za a kai gida. Idan ya saba miƙa sifirit don shi ake tambaya, ko don ribarsa ta fi, to sifirit za a shafa. Ɗaliban sashen nazarin zamantakewa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo suna neman batun kundin kammala karatu kowace shekara, ga shi nan a kusa da su. A zauna a shagunan kemis a Illela, Bodinga da Wurno, a ga wa ke zuwa sayen kayan haihuwa, me yake cewa a ba shi, me ake ba shi, nawa yake biya. A bi masu jego a rana ta biyar, kafin suna, a tambayi wadda ke yin wankan abin da ta sa wa cibi jiya da yau. A nuna wa mata bututun ba tare da an yi musu bayani ba, a ji me za su ce na mene ne. Ma'aikatar lafiya ta jiha, da kamfanin da ke yin man, da dillalan da ke kawo shi kasuwa, duk suna bukatar waɗannan amsoshi, kuma kuɗin mota da littafin rubutu sun isa a fara tattara su.